Gyaran Ruwan Famfo Kafin a Zuba wa Kifi: Yadda Za Ka Zaɓi Maganin da Ya Dace

Gabatarwa

Kiwon kifi a cikin gida ya bazu a garin Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum. Wani ya gina kwamin siminti a bayan ɗaki, wani ya kafa na tamfol, wani kuma tankin roba ya yanke ya zuba tarwaɗa. Akwai kuma masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi a falo ko a ofis. Mutanen bakin kogin Jama'are, kamar na garin Katagum da ke ƙaramar hukumar Zaki, sun gaji kamun kifi ne daga kogi da fadama, inda ruwa ke gyara kansa da kansa. Kai da ke cikin gari ba ka da wannan gata. Ruwan da za ka zuba wa kifinka daga famfo zai fito, ko daga rijiyar burtsatse, ko daga kurar 'yan ga-ruwa.

Manoma da dama sun yi asarar 'ya'yan kifi a dare ɗaya bayan canjin ruwa, suka ɗora laifin a kan wanda ya sayar masu da iri, ko a kan abinci, alhali kuwa ruwan ne. Daga nan sai a shiga neman kwalbar maganin gyaran ruwa. Kafin ka fitar da kuɗinka, ka san abin da ke cikin ruwanka tukuna, domin kowane magani da aikinsa, kuma akwai ruwan da ba magani yake bukata ba.

Dalilin da ruwan sha ke kashe kifi

Hukumomin ruwa suna zuba sinadarin kulorin a ruwan famfo domin kashe ƙwayoyin cutar amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Wannan aikin alheri ne, kada ka ga laifinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a daidai inda ruwa ke fita daga famfo. Ga ɗan Adam wannan ba komai ba ne. Amma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa ruwan da kifi zai daɗe a ciki kada kulorin ɗinsa ya wuce miligiram 0.011 a lita. Ka ga ke nan ruwan da ya cika sharaɗin sha ya ninka abin da kifi zai jure kusan sau 18.

Ka ɗaga murfin da ke gefen kan kifi, za ka ga jan nama mai zara-zara kamar haƙoran tsefe. Da shi kifi ke numfashi, kuma a wannan ƙasida za mu kira shi mashaƙa. Fatar mashaƙa siririya ce ƙwarai domin iskar oksijin ta ratsa ta shiga jini. Kulorin yana ƙona wannan fata, sai ta kumbura ta yi ta fitar da yauƙi, kifi ya kasa shan iska ko da ruwan cike yake da ita. Za ka ga kifi yana zabura, yana neman fita daga ruwa, yana taruwa a sama, launin mashaƙarsa ya kodé.

Babbar tarwaɗa tana ruɗin manomi. Tana da wata gaɓa a cikin kai da take haɗiyar iskar sarari da ita, don haka takan tsira daga ruwan da zai kashe karfasa. Sai manomi ya ce ai ya daɗe yana zuba ruwan famfo bai ga komai ba. Bai lura da raguwar cin abinci da jinkirin girma ba. Jariran tarwaɗa kuwa ba su da wannan gaɓa sai sun yi wasu makonni, shi ya sa a wurin ƙyanƙyasa ake yin babbar asara.

Wane irin ruwa kake da shi?

Ba duk ruwan da ya fito daga famfo ke da kulorin ba. A gidaje da yawa famfon yana haɗe ne da tankin sama da ake cikawa daga rijiyar burtsatse ta gidan, ba wanda ya zuba masa komai. Wannan ruwa matsalarsa daban ce, za mu zo kanta. Haka kuma ruwan da jiya ba shi da kulorin yau zai iya samu. A lokacin annobar amai da gudawa, irin wadda ta yi ɓarna a jihar Bauchi a shekarar 2021, ma'aikatan lafiya sukan bi rijiyoyi da tankunan unguwa suna zuba kulorin, mutanen gida ma sukan ɗiga WaterGuard ko su jefa ƙwayar Aquatabs a randa. Idan 'yan ga-ruwa ke kawo maka, ka tambaye su inda suka ɗebo a kowace rana, musamman da damina.

Hanci ba ma'auni ba ne. Kafin ka ji warin kulorin ya riga ya wuce abin da jaririn kifi zai ɗauka. Ka nemi ɗan akwatin gwaji irin wanda ake auna ruwan wurin ninƙaya na otal da shi. Iri biyu ne aka fi samu. Mai ɗigo, wanda aka rubuta OTO a jikinsa, yana mayar da ruwa rawaya idan akwai kulorin. Mai ƙwaya, wanda aka rubuta DPD, yana mayar da shi ja-ja. Sai ka gwada launin da katin da ke cikin akwatin ka karanta adadin. Ga mai kiwon kifi ƙa'idar mai sauƙi ce: duk launin da ya bayyana, komai ƙanƙantarsa, ruwan bai isa zuba wa kifi ba.

Akwai ɗan'uwan kulorin mai suna kuloramin, wato kulorin da ya haɗu da amoniya. A Amurka fiye da mutum ɗaya cikin biyar ruwan kuloramin yake sha, shi ya sa kusan duk kwalbar da aka shigo da ita ke ambatonsa. A nan ƙasar garin kulorin ko iskarsa aka fi amfani da su. Duk da haka kada ka ce bai shafe ka ba. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, kuma da zarar ka saki ruwan famfo kai tsaye a cikin kwamin da ke da kifi, kulorin zai haɗu da wannan amoniya ya zama kuloramin a nan take. Shi kuwa ba ya tashi da wuri, kuma yana ratsa mashaƙa ya lalata jinin kifi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake gyara ruwa a wani mazubi dabam kafin a kai shi ga kifi. Da ƙwayar DPD za ka iya ganewa: ka fara jefa mai lamba 1, sannan ka ƙara mai lamba 3 a cikin ruwan gwajin. Idan launin ya ƙara duhu, akwai kuloramin.

Maganin da ba a saye

Idan kulorin zalla ne a ruwanka, kuma kana da fili, tankin ajiya ya fi kowace kwalba. Ka tara ruwa a buɗaɗɗen tanki ko kwami inda rana ke dukansa, ka bar shi awa 24 zuwa 48. Hasken rana da iska za su cinye kulorin. Idan kana watsa ruwan daga sama ta bututu mai huji-huji, ko kana da injin hura iska, zai fi sauri. Rufaffen baƙin tanki ba ya wannan aiki yadda ya kamata, sai ka buɗe murfinsa ka ɗaura gidan sauro a baki. Bayan lokacin ya cika ka sake gwadawa, kada ka dogara da agogo.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Azare ke haura digiri 40, ruwan da ya wuni a rana yakan yi zafi sosai. Ka bari sai da asuba ka zuba. Da hunturu kuma akasin haka ne: ruwan da ya kwana a sarari a watan Disamba ko Janairu ya yi sanyi da yawa, sai ka jira hantsi ya daga. Tarwaɗa ta fi son digiri 26 zuwa 30, kuma bambancin sabon ruwa da tsohon kada ya wuce digiri 2 ko 3.

Gishirin kashe kulorin

Wata rana ba za ka iya jiran kwana biyu ba. Ruwa ya ɓaci, kifi na mutuwa, ko an kawo ruwan famfo bayan mako guda ba a gan shi ba. A nan ne ake bukatar magani, kuma wanda ya fi dacewa da mai kiwon kifin ci shi ne sodiyam tayosalfet. A jikin buhu ko kwalba za ka ga an rubuta sodium thiosulphate. Ƙwayoyi ne garai-garai kamar manyan ƙwayoyin sukari, ana samun su a shagunan da ke sayar da sinadaran ɗakin gwaji na makarantu a Kano da Bauchi da Jos. Shi ne kuma ainihin abin da ke cikin yawancin kwalaben gyaran ruwa masu tsada. Yana kashe kulorin cikin 'yan mintoci.

A nan akwai gargaɗi. Tsofaffin masu ɗaukar hoto da ke wanke fim suna kiran wannan gishiri haifo. A kasuwa kuma akwai ruwan wanke kaya mai suna Hypo, wanda shi kulorin ne tsagwaronsa, kamar Jik. Suna ɗaya, aiki kishiyar juna. Idan ka aiki yaro, ka rubuta masa cikakken sunan a takarda, kuma ka karanta da idonka kafin ka buɗe.

Lissafin ba shi da wuya. Kowane giram 1 na kulorin yana bukatar kimanin giram 7 na gishirin. Tunda sikelin gida ba ya auna ƙananan giram daidai, sai ka haɗa ruwan magani ka ajiye. Ka sa a auna maka giram 100, ka zuba a gorar lita ɗaya, ka cika da ruwa mai tsabta ka girgiza har ya narke. Yanzu kowane cikin sirinji mai mililita 10 yana ɗauke da giram 1. Ka rubuta suna a jikin gorar, ka ajiye ta a inuwa inda yara ba za su kai ba.

Ga misali. Kwaminka tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, zurfin ruwan mita 1. Ka ninka su: 3 sau 2 sau 1 ya ba da 6, wato lita 6,000. Kana son canja kashi ɗaya cikin uku, lita 2,000. Gwaji ya nuna kulorin miligiram 0.5 a lita. Lita 2,000 sau 0.5 ya ba da miligiram 1,000, wato giram 1 na kulorin. Kana bukatar giram 7 na gishiri, wato cikin sirinji 7 na ruwan maganin. Ka zuba a tankin ajiya, ka motsa da sanda mai tsabta, ka jira minti 10 zuwa 15, ka sake gwadawa. Idan ba launi, sai ka saki ruwan.

Idan ka ɗan zarce ba zai cutar da kifi ba. Amma kada ka mayar da shi abin watsawa da hannu, domin idan ya yi yawa ƙwarai yana rage iskar oksijin ta ruwa. Ka kuma sani cewa idan kuloramin ne a ruwan, gishirin zai kashe ɓangaren kulorin ya bar amoniya. A babban kwami wannan 'yar amoniya ba ta cika yin illa ba, amma a kwanon ƙyanƙyasa sai an kula.

Sinadarin bitamin C ma yana kashe kulorin: kimanin giram 2.5 ga kowane giram 1. Garinsa zalla ake nufi, ba ƙwayoyin tsotsa masu sukari da launi ba. Yana ɗan ƙara wa ruwa tsami, kuma ya fi tsada, amma yana fitar da mutum kunya a ranar da gishirin ya ƙare. Mai wurin ƙyanƙyasa da ke jan ruwan famfo kullum zai iya haɗa matatar gawayin da aka sarrafa a masana'anta a bakin bututu. Ba gawayin murhu ba. Ita ma tana gajiya, don haka a riƙa gwada ruwan da ke fita daga cikinta.

Kwalaben kanti

Ga mai kifin ado a akwatin gilashi mai lita 50 ko 100, kwalbar kanti ta fi sauƙi, kuma takan daɗe. Abu na farko da za ka duba shi ne abin da aka rubuta tana cirewa. Wata kulorin kawai take kashewa. Wata ta haɗa da kuloramin. Wata kuma ta ce tana ɗaure amoniya na ɗan lokaci, tana kuma ɗaure ƙarafa irin su tagulla da dalma da ke fitowa daga tsofaffin bututu. A ƙaramin akwati da ruwansa kaɗan ne, wadda ta haɗa da amoniya ta fi.

Abu na biyu shi ne yawan ruwan da kwalbar za ta gyara, ba girmanta ba. Tetra AquaSafe ana zuba mililita 5 a lita 10. Seachem Prime kuwa mililita 5 na gyara lita 200. Tankin lita 1,000 zai sha rabin lita na ta farko, amma mililita 25 kacal na ta biyu. Ka raba kuɗin kwalba da yawan litar da za ta gyara, sannan ka san wadda ta fi araha. Wasu suna da ƙarin ruwan alobera da aka ce yana gyara yauƙin jikin kifi. A ganinmu wannan ƙari ne da ba dole ba, kuma bai kamata ka biya ninki saboda shi ba.

Abu na uku ya shafi mai kifin ci. Da yawa daga cikin kayan kifin ado an yi su ne ba domin kifin da mutum zai ci ba, wasu ma sun rubuta haka a jiki da ƙananan haruffa. Tarwaɗarka kuwa tukunya za ta, ko wurin mai banda a kasuwar Azare. Idan ba a bayyana abin da ke cikin kwalba ba, ko an ɗura ta a gorar lemo ba suna ba kwanan wata, ka bar wa mai ita kayansa.

Abubuwan da ba sa cire kulorin

Gishirin miya ba ya taɓa kulorin ko kaɗan. Yana da amfaninsa wajen rage wa kifi wahala bayan jigila, amma wannan wani aiki ne. Alam, wanda wasu ke kira alif, yana kwantar da laka ne, kuma yana ƙara wa ruwa tsami. Garin ƙwallon zogale shi ma laka yake kwantarwa. Ganyen shuwaka da wasu manoma ke jiƙawa a kwami ba abin dogaro ba ne a kan kulorin. Shuɗi da koren maganin da ake ɗiga wa kifi na cutar fata ne. Kanwa kuwa haɗari ce: tana ɗaga ma'aunin pH sama, kuma dafin amoniya yana ƙaruwa da tashin pH. A ruwa mai zafin digiri 30, idan pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniyar ne ke da dafi. A 8 ya haura kashi 7. A 9 ya kusa rabi.

Wannan lissafi ya shafi mai sabon kwamin siminti. Sabon siminti yana tsatso farar ƙasa cikin ruwa, pH ya tashi ya wuce 9. Ka cika shi ka bar shi 'yan kwanaki, ka zubar, ka goge, ka maimaita har ma'auni ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Ba kwalbar da za ta yi maka wannan aiki.

Ruwan burtsatse da ruwan kogi

Ruwan da ya fito daga zurfin ƙasa garai yake a ido, amma kusan ba oksijin a cikinsa, kuma yakan zo da iskar kabon mai yawa wadda ke sa shi tsami. Wani yana ɗauke da narkakken ƙarfe. Ka ɗebi farin bokiti ka ajiye ya kwana. Idan da safe ka ga ya yi ja-ja kamar tsatsa, ko ya bar jan shafi a jikin bokitin, akwai ƙarfe. Wannan tsatsa tana lulluɓe ƙwan kifi ta toshe mashaƙar jarirai. Maganin kulorin ba shi da abin yi a nan, asarar kuɗi ce kawai. Ka watsa ruwan daga sama ya sha iska, ka bar shi ya kwanta kwana ɗaya ko biyu, ka ja na sama ta cikin matatar yashi da tsakuwa. Idan bayan haka pH bai kai 6.5 ba, ka sa dakakken farin dutse na gona ko ɓawon kawa a cikin matatar.

Mutanen Katagum da Jama'are da Itas masu jan ruwan kogi ko na fadama ba su da damuwar kulorin. Tasu damuwar ita ce laka, da ƙwan kifin daji da ƙwari masu cin jarirai, sai kuma maganin feshi da ke gangarowa daga gonakin shinkafa da lambuna. Raga mai ƙananan ido da kwamin kwantar da ruwa suna maganin na farko. Maganin feshi kuwa babu kwalbar da ke cire shi. Kada ka ja ruwa a ranar da maƙwabta ke feshi, ko bayan ruwan sama na farko da ya biyo feshin.

Kowane ruwa ne, kafin ka zuba dubban 'ya'yan kifi, ka ɗebi guda 10 ka sa su a bokitin ruwan da ka gyara, ka lura da su awa 24. Idan kana son a auna maka ƙarfe ko amoniya, ka tuntuɓi malamin gona na hukumar BSADP da ke yankinka, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja.

Idan ruwan kulorin ya riga ya shiga

Ka rufe famfo nan take. Ka lissafa maganin tayosalfet bisa dukan ruwan da ke cikin kwamin, ba wanda ya shiga kaɗai ba. Idan ba lokacin gwaji, ka ɗauka kulorin miligiram 1 ne a lita, wato cikin sirinji 7 ga kowace lita 1,000. Ka sirka shi a bokiti ka watsa ko'ina. Ka kunna injin iska, ko ka sa yara su riƙa ɗiban ruwan suna shekawa daga sama. Kada ka ba da abinci kwana ɗaya ko biyu, domin kifin da mashaƙarsa ta ƙone ba shi da isasshen numfashin narkar da abinci. Ga kifin da ya tasa za ka iya narka gishirin miya kilo 1 zuwa 2 a kowace lita 1,000 domin rage masa wahala. Ka riƙa tsame matattu safe da yamma, ka rubuta adadinsu da ranar da abin ya faru da inda ruwan ya fito, domin su ne tambayoyin farko da malamin gona zai yi maka.